Dala Biyar a Yini: Yadda Guduwar Ma'aikata Ta Sa Kamfanin Ford Ninka Albashi a 1914

A ƙarshen shekarar 1913 kamfanin ƙera motoci na Ford ya yi niyyar yi wa ma'aikatansa ihsani: duk wanda ya shekara uku ko fiye a bakin aiki za a ba shi ƙarin kashi 10 cikin 100. Da aka buɗe rajista aka tantance, cikin mutum kusan 15,000 sai aka tarar 640 kaɗai suka cika sharaɗin. Akasarin sauran sababbin shiga ne, kuma da yawansu ba za su ga sabon wata a masana'antar ba.

Kamfanin ba a cikin matsin tattalin arziki yake ba. Motarsa ƙirar Model T, wadda ta fito a 1908, kasuwarta ta buɗe fiye da yadda ake iya ƙerawa. Ribarsa a 1913 ta kai dala miliyan 27 ko kusa da haka. Masana'antarsa da ke Highland Park, a gefen birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka, injiniyoyi daga ko'ina suke zuwa kallonta. Amma a wannan shekarar sai da kamfanin ya ɗauki mutum kusan 52,000 domin kawai ya riƙe gurabe kusan 14,000. A lissafi, shige da ficen ma'aikata ya kai kashi 370 cikin 100, wato kowane gurbi ya ga mutum uku zuwa huɗu a shekara guda. Bayan haka kuma ga fashin aiki: kowace safiya, cikin mutum goma ana rasa ɗaya.

Me ke korar mutane?

Barin aiki ruwan dare ne a masana'antun Amurka na wancan zamani. Babu kwantiragi, babu fansho, babu abin da daɗewa ke ƙara wa lebura. Detroit kuwa cike take da kamfanonin mota da ke neman hannu, don haka wanda ya ji an ƙara senti biyu a awa a wata ƙofa sai ya tsallaka titi. Duk da haka na Ford ya wuce na maƙwabtansa, kuma dalilin yana cikin abin da ya ɗaukaka kamfanin.

A 1913 aka fara aiki da layi mai tafiya. Da, ma'aikaci ɗaya yakan zauna ya harhaɗa na'urar da ke ba inji wuta daga farko har ƙarshe cikin minti 20. Sai aka yanka aikin gida 29, aka jera mutane, kayan na wucewa a gabansu, kowa na ɗaure abu ɗaya. Lokacin ya sauko zuwa minti 13, daga baya zuwa 5. Aka yi wa gindin motar, inda ake ɗora inji da tayoyi, irin wannan tsari: aikin da ke cin awa goma sha biyu da rabi ya dawo awa ɗaya da minti 33. Ga mai kamfani wannan abin alfahari ne. Ga mutumin da ke tsaye awa tara yana murɗa noti iri ɗaya, ba shi da ikon rage sauri, ba shi da sararin yin magana da na kusa da shi, abin ya zama azaba. Ƙwararrun makanikai da suka saba sarrafa aikinsu da kansu sun fi kowa jin zafin abin.

Sai kuma foman. A lokacin shi ne wuƙa shi ne nama a sashensa: shi ke yanke wanda za a ƙara wa kuɗi, shi ke sallamar mutum nan take ba tare da ya tambayi kowa ba. Matakan albashi sun kai 69, babu wanda ya san ƙa'idar hawa daga wannan zuwa wancan. Akasarin leburorin baƙi ne 'yan ci-rani daga Polan, Rasha, Italiya, Romaniya da sauran ƙasashen gabashi da kudancin Turai. A 1914 fiye da kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan ba a Amurka aka haife su ba, da yawa ba sa jin Turanci. Mutumin da ba ya jin abin da foman ke faɗa ba shi da bakin kare kansa.

Wani abu a rajistar kamfanin ya nuna yanayin tafiyar. A watan Maris na 1913 kaɗai mutum sama da 7,000 suka bar aiki. Fiye da 5,000 daga cikinsu ba korar su aka yi ba, ba kuma su zo sun ce sun ajiye ba. Ɓacewa kawai suka yi, sai bayan kwana biyar ba a gan su ba aka soke sunayensu. Ko sallama ba su ga aikin ya cancanta ba.

Abin da akanta ke gani, da abin da ba ya gani

A daidai wannan lokaci ne masu masana'antu a Amurka suka fara tambayar nawa ake asara in ma'aikaci ya tafi. Wani injiniya a kamfanin General Electric, Magnus Alexander, ya bi rajistar masana'antu 12 ta shekarar 1912. Ya tarar adadin ma'aikatansu ya ƙaru da kusan 6,700 ne kawai, amma sun ɗauki fiye da 42,000. Ya kasa asarar gida biyar: ɗawainiyar ofis wajen ɗaukar sabo, lokacin wanda zai koya masa, lalacewar inji da kayan aiki a hannun ɗan koyo, ƙarancin abin da yake samarwa kafin hannunsa ya faɗa, da kayan da yake ɓatawa. Maye gurbin lebura mai ɗauko-sauke bai kai dala 10 ba a lissafinsa. Mai tuƙa inji kuwa ya haura dala 70. In aka haɗa aka raba, kowane sabon ɗauka na cin dala 30 da wani abu.

A gwada wannan a kan Ford. Mutum 52,000 a kan dala 35 ya ba da dala miliyan 1 da dubu 820. Kuɗi ne mai yawa, amma bai kai kashi 7 cikin 100 na ribar shekarar ba. Kuma akwai hujjar cewa ko wannan ya yi yawa, domin dukan manufar layin ita ce a sauƙaƙa aiki har kowa ya iya. Henry Ford da kansa ya rubuta daga baya cewa kashi 43 cikin 100 na ayyukan masana'antarsa ba sa buƙatar koyo fiye da yini ɗaya. Akanta da ya tsaya a nan zai ce: bar su su tafi, ga wasu can a bakin ƙofa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Lissafin Alexander yana auna abin da sabon mutum ke ɓatawa a wurin da yake tsaye. Ba ya auna abin da yake jawo wa na gabansa da na bayansa. Wanda ya taɓa ganin leburori sun jeru suna miƙa bulo hannu da hannu zuwa saman gini ya san cewa saurin layin duka saurin wanda ya fi kowa nawa ne, kuma in mutum ɗaya ya fita, kowa ya tsaya har a cike wurin. Haka Highland Park ta koma daga 1913. A tsohon tsari, in makaniki bai zo ba, motarsa ce kaɗai ke jira. A sabon tsari, rashin mai ɗaure noti ɗaya na iya tsayar da mutum ɗari, tare da injuna masu tsada da aka zuba miliyoyin daloli a kansu. Kowace safiya foman sai ya fara da ƙirga waɗanda ba su zo ba, ya ciro mutum daga nan ya toshe can. Da fashin kashi 10 cikin 100, kamfanin na buƙatar ajiye mutum fiye da dubu a matsayin 'yan ko-ta-kwana, yana biyan su domin cike giɓi kawai.

Ga kuma asarar da ta fi duka girma, wadda ba ta da shafi a littafin lissafi: motar da ba a ƙera ba. Ford na cikin kasuwar da masu saye ke jiran mota. Duk awa ɗaya da layi ya yi jinkiri, ciniki ne ya wuce. Injiniyoyin sun ga cewa ƙarin da suke samu bai kai abin da tsarin ya kamata ya bayar ba, kuma sun san cewa giɓin daga mutane yake. A ganina wannan ne zuciyar lamarin. Tsadar tafiyar ma'aikaci ba ta rataya ga wahalar aikinsa kaɗai ba. Ta fi rataya ga yawan mutane da kayan da ke jiran hannunsa. Mai gidan burodi a Kano ko Zinder da mai kwaɓa fulawarsa ya tafi ba sallama ya san haka: albashin mutumin ƙanƙane ne, amma tanda ta yi sanyi, masu tallan sun koma hannu wofi, mai shayi ya nemi wani gidan.

Gyaran farko

Kafin dala biyar an yi wani gyara da ba a cika ba da labarinsa ba, alhali yana da muhimmanci. An ɗora wa John R. Lee, wanda ya shigo Ford lokacin da kamfanin ya sayi wata masana'antar buga ƙarfe a Buffalo, alhakin gano abin da ke damun ma'aikata. A watan Oktoba na 1913 aka aiwatar da shawarwarinsa. Aka ƙara albashi da kusan kashi 13 cikin 100, mafi ƙaranci ya zama dala 2 da senti 34 a yini. Aka dunƙule matakan nan 69 suka dawo 8, da ƙa'idar hawa a bayyane. Aka karɓe ikon kora daga hannun foman: in bai gamsu da mutum ba, sai dai ya tura shi ofishin ɗaukar ma'aikata, a can a duba ko zai dace da wani sashe. Aka kuma buɗe asusun ajiya da rance domin lebura ya daina faɗawa hannun masu ba da bashi da ruwa.

Barin aiki ya fara sauka tun daga nan. Sai dai a daidai lokacin tattalin arzikin Amurka ya shiga koma-baya, aiki ya yi wuya, kuma mai aiki a hannu ba ya saki in ya ga layin marasa aiki a waje. Shugabannin kamfanin ba su da tabbacin cewa sauƙin zai ɗore in kasuwa ta farfaɗo. Akwai kuma wani tsoro: ƙungiyar ƙwadago ta IWW, mai zafin ra'ayi, ta shigo Detroit a 1913, ta jagoranci yajin aiki a kamfanin Studebaker a watan Yuni, masu jawabinta kuma suna tsayawa a ƙofar Highland Park lokacin cin abincin rana.

5 ga Janairu, 1914

A ranar ne Henry Ford da James Couzens, mataimakinsa kuma mai riƙe da harkar kuɗin kamfanin, suka kira 'yan jarida suka sanar cewa daga 12 ga wata mafi ƙarancin abin da ma'aikaci zai samu a yini dala 5 ne, an kuma rage awannin aiki daga tara zuwa takwas. Rage awannin ba kyauta ba ce kawai. Ya ba da damar a kasa yini gida uku na karɓa-karɓa, injuna su yi ta aiki dare da rana maimakon awa 18. Kamfanin ya ƙiyasta cewa shirin zai ci dala miliyan 10 a shekarar farko.

A kwatanta: asarar da ake iya ƙirgawa ba ta kai miliyan 2 ba, magani kuma miliyan 10. Shi ya sa jaridar Wall Street Journal ta kira abin babban kuskuren tattalin arziki, ta ce an kai koyarwar addini inda ba wurinta ba. Washegari mutum kusan 10,000 suka yi dafifi a ƙofar masana'antar cikin tsananin sanyin hunturu. Ranar 12 ga wata taron ya rikiɗe ya zama hargitsi, aka tarwatsa su da ruwan mesar 'yan kwana-kwana, tufafinsu na daskarewa a jikinsu. Labarin ya janyo baƙi daga nesa, ciki har da Larabawan Siriya da Labanon. A 1921 Musulmin Highland Park suka gina ɗaya daga cikin masallatan farko a Amurka, kusa da masana'antar.

Dala biyar ɗin ba albashi ba ce zalla. An raba ta biyu: dala 2 da senti 34 ladan aiki, dala 2 da senti 66 kuma rabon riba, wanda kamfanin ke iya riƙewa. Kafin mutum ya samu sai ya yi wata shida yana aiki. In magidanci ne, sai an tabbatar yana zaune da iyalinsa yana kula da su. In gwauro ne, sai ya wuce shekara 22 kuma an shaida yana tattali. Mata ba su shiga ba sai wadda ke ciyar da wasu, har zuwa Oktoba na 1916. Sharaɗin wata shida ya nuna inda aka dosa: an mayar da daɗewa abu mai daraja, tafiya kuma ta zama hasara ga mai tafiya. Wanda ya bar Ford zai koma karɓar rabin kuɗin a wani wuri.

Domin tantance masu cancanta aka kafa wani sashe na binciken zamantakewa. Jami'ansa, da motoci da tafintoci, suna shiga gidajen ma'aikata suna duba tsabta, suna neman takardar aure da littafin banki, suna tambayar maƙwabta ko mutum na shan giya, suna hana saukar da 'yan haya a ɗakin iyali. Wanda aka samu da laifi ana riƙe rabonsa, a ba shi wata shida ya gyara, in ya kasa a sallame shi. Baƙi kuma sai sun shiga ajin koyon Turanci na kamfanin. A cikin wannan watan na Janairu aka kori Girkawa da Rashawa 800 zuwa 900 saboda sun yi fashin aiki ranar bikin Kirsimetinsu, wanda ba ya zuwa rana ɗaya da na sauran Kiristoci. Duk wanda ya san darajar ranar idi zai ji nauyin wannan. Wasu iyalai sun amfana ƙwarai, sun fita daga ɗakunan cunkoso sun mallaki gidaje. Amma bai dace a ba da labarin dala biyar a ɓoye cewa an saye ta da sirrin gidan mutum ba.

Aikin kansa kuma bai yi sauƙi ba. A ƙarshen Janairun 1914 matar wani ma'aikaci ta rubuta wa Ford wasiƙa, wadda har yau tana ajiye a gidan tarihi na Henry Ford. Ta ce mijinta na dawowa ya zube ko abincin dare ba ya iya ci, ta kwatanta layin da mai bulalar bayi, ta roƙi a sassauta. Ta yarda cewa dala biyar albarka ce babba, ta ƙara da cewa da guminsu suke cin ta.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Shige da fice ya faɗo daga kashi 370 a 1913 zuwa 54 a 1914, zuwa 16 a 1915. Fashin aiki ya sauko daga kashi 10 zuwa 2 da rabi. Waɗanda suka bar aiki a Maris na 1914 ba su kai 500 ba. A 1914 ma'aikatan Ford kusan 13,000 sun ƙera motoci kusan 260,000, yayin da sauran kamfanonin Amurka gaba ɗaya, da ma'aikata fiye da 66,000, suka ƙera kusan 287,000. Riba ta haura dala miliyan 30 a 1914, ta doshi miliyan 60 a 1916, alhali farashin Model T na ta sauka har zuwa dala 360. Ford ya rubuta a 1922 cewa biyan dala biyar na cikin mafi kyawun matakan rage kashe kuɗi da kamfaninsa ya taɓa ɗauka.

Ba za a jingina duk wannan ga albashi ba. Layin na ci gaba da inganta a waɗannan watanni, rashin aiki a gari na riƙe mutane, gyaran Lee kuma ya riga ya fara tasiri. Masana tattalin arziki Daniel Raff da Lawrence Summers sun sake bin alƙaluman a 1987. Sun ga cewa kuɗin ɗauka da koyarwa da aka yi tsiminsu ba za su iya biyan ƙarin albashin ba su kaɗai, amma yawan abin da kowane ma'aikaci ke samarwa ya tashi sosai bayan Janairun 1914, an kuma ci gaba da cin riba. Wato abin da Ford ya saya ya wuce zaman mutane. Ya sayi zuwa a kan lokaci, da haƙuri da saurin layi, da rufe ƙofa ga 'yan ƙungiya.

Akwai labarin da ya yaɗu cewa ya ƙara albashin ne domin ma'aikatansa su iya sayen motarsa. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Ko da duk mutum 14,000 sun sayi mota a shekara guda, ba su kai kashi 6 cikin 100 na abin da aka ƙera ba.

Haka kuma ba kowane kamfani zai kwaikwayi Ford ya tsira ba. Ya iya ninka albashi ne saboda ribarsa ta yi wa ta kowa nisa, kuma tsarin aikinsa ya sa fashin mutum ɗaya na cutar da ɗaruruwa. Inda kowa ke aikinsa shi kaɗai, lissafin zai bambanta. Ɓangaren da ya fi sauƙin ɗauka shi ne na Lee, wanda kusan bai ci kuɗi ba: a san dalilin tafiyar mutane, a bayyana ƙa'idar ƙarin girma, kada a bar makomar ma'aikaci a hannun shugaba ɗaya mai fushi.

Fifikon dala biyar bai daɗe ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo tsadar rayuwa, daga 1914 zuwa 1920 farashin kaya a Amurka ya ninka kusan sau biyu, sauran kamfanoni kuma suka ɗaga nasu albashin. A Janairun 1919 Ford ya mayar da mafi ƙaranci dala 6, wadda a kasuwa ba ta kai dala 5 ta 1914 ba. Couzens ya ajiye muƙaminsa a kamfanin a 1915 bayan saɓani da Ford, Lee ya tafi a 1919. Samuel Marquis, malamin cocin da ya gaji Lee a sashen binciken zamantakewa, ya ajiye aiki a 1921, sashen kuma ya shiririce. A shekarun da suka biyo baya, musamman a sabuwar masana'antar River Rouge, horo ya koma hannun Harry Bennett da dakarunsa na tsaro da 'yan leƙen asiri a cikin ma'aikata, kuma lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930 tsoron rashin aiki ya ishi riƙe mutane. Ma'aikatan Rouge sun shiga yajin aiki a watan Afrilu na 1941, a watan Yuni kuma kamfanin ya sa hannu a yarjejeniyarsa ta farko da ƙungiyar ma'aikatan mota ta UAW, shekara huɗu bayan General Motors da Chrysler sun yi haka.